Shawara: Ni ce injiniyar sayit, amma ba a jin maganata

Anti, ina gaishe ki. Shekarata 27, na karanta injiniyancin gine-gine, kuma shekara biyu ke nan ina aiki da wani ƙaramin kamfanin kwangila a Kano. An ba ni kula da sayit, wato filin aiki, na ginin shaguna mai hawa uku. Magina ba sa ɗaukar maganata. In na ce a yi abu, sai helma, wato shugaban magina, ya ce a bari Oga ya zo, ko ya ce "to Hajiya" ya ci gaba da abin da yake yi. Wannan na fara sabawa da shi. Abin da ya hana ni barci shi ne, zane ya nuna rodi mai 16, wato mai kaurin milimita 16, a bim ɗin dekin na biyu (ginshiƙin kankare na kwance da ke ɗauke da nauyin dekin), sai aka kawo mai 12 aka ɗaura, aka kuma ce a ƙara yashi a kwaɓi saboda siminti ya yi tsada. Da na yi magana, mai kamfanin ya yi dariya ya ce mu mata tsoro gare mu, ya shekara 20 yana gini bai taɓa faɗuwa ba. Mako mai zuwa za a zuba kankare. A gida kuma wanda zan aura ya ce bayan biki in nemi koyarwa, mahaifiyata ma ta goyi bayansa. Ina son aikin nan, amma na gaji. In haƙura in bari?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya.

Kin haɗa mini matsaloli uku a wasiƙa ɗaya, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Rainin helma zai iya jira, maganar aure ma za ta iya jira ta wata ɗaya ko biyu. Rodin nan ba zai jira ba, domin da zarar kankare ya rufe shi, shi ke nan, babu idon da zai sake ganinsa sai ranar da ba ma fata. Saboda haka da shi zan fara, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Abin da kike ji ba tsoron mata ba ne. Lissafi ne, kuma ke kika karanta shi. Faɗin bakin rodi mai 16 ya kai sikwaya milimita 201, na mai 12 kuwa 113 ne kacal, wato ya ɗan haura rabi da kaɗan. Inda zane ya ce a sa mai 16 guda huɗu, ko an jera mai 12 guda bakwai ba su cike gurbin ba. Wanda ya cire huɗu ya mayar da huɗu ya kwashe kusan rabin ƙarfen da bim ɗin zai dogara da shi. Sai kuma a zo a rage siminti a kai. Kwaɓin 1:2:4 da aka saba da shi a sayit, buhun siminti ɗaya ne mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Duk kwanon yashin da aka ƙara, daga ƙarfin ginin aka cire kuɗinsa. Kuma irin wannan gini ba lallai ya nuna alama ranar da aka cire katako ba. Yana iya tsayawa lafiya lau, a yi fenti, a saka ƙofofi, 'yan kasuwa su cika hawa na biyu da katan-katan na kaya, sannan ya fara tsagewa. Cewar mai kamfani bai taɓa faɗuwa ba, labarin gine-ginen baya yake ba ki, ba lissafin wannan ba.

Ba sai na kai ki nesa ba. A watan Agustan 2022 bene ya rufta a titin Beirut a nan Kano ana cikin gina shi. A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗa kan ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Amma wanda nake so ki tsaya ki duba shi ne na Ikoyi a Legas, bene mai hawa 21 da ya rushe ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum sama da 40, har da mai ginin. Bayan faruwar abin sai wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da suka fara kula da aikin suka rubuta tun farkon 2020, suna cewa sun janye hannunsu, ba su da alhakin abin da za a ɗora daga baya. Darasi biyu ne a nan. Wasiƙar ta kare sunansu, don haka rubutu yana da amfani. Amma ginin ya ci gaba da hawa bayan tafiyarsu har ya danne mutane, don haka rubutu ka kama gabanka bai isa ba.

Ga abin da nake so ki yi kafin ranar zubin. Ki ɗauki hotunan rodin yadda aka ɗaura shi, da ma'auni a jikinsa, ki ɗauki hoton shafin zanen da ya nuna mai 16. Ki rubuta wa mai kamfanin takarda gajeriya, ba faɗa, ba wa'azi: bim kaza da kaza, zane ya ce kaza, an ɗaura kaza, ba zan iya amincewa a zuba ba sai an gyara ko injiniyan da ya yi zanen ya amince a rubuce. Ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi a gida, ki kuma tura masa ta WhatsApp ko imel don a ga ranar da ta isa gare shi. Sannan ki nemi injiniyan da hatiminsa ke kan zanen ki gaya masa. Sunansa da lambar rajistarsa ne a kan takardar, don haka yana da dalilin da zai sa ya taso da kansa, kuma mai kamfani ba zai iya ce masa tsoro gare shi ba. In akwai mai sa ido a madadin mai ginin, shi ma ya sani. Sau da yawa mai gini ya biya kuɗin mai 16 cif, bai san an canza ba.

In duk wannan bai yi ba, aka dage sai an zuba haka, kada ki tsaya a wurin, kada ki sa hannu a kowace takarda, kuma ki kai maganar gaba. KNUPDA ce ke ba da izinin gini a birnin Kano, tana da ikon dakatar da aiki. COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya tun 1970, tana da masu bin diddigin ayyuka, tana kuma hukunta masu rajistarta. Na san abin da nake ce miki ki yi zai iya cin aikinki, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki auna da kanki. Aikin da aka rasa ana samun wani. In ginin ya faɗi, tambayar farko da za a yi ita ce wa ke kula da sayit, kuma wanda yau yake miki dariya shi zai fara nuna ki da yatsa. Ko babu kotu, babu hukuma, akwai leburan da zai kwana a ƙarƙashin dekin nan yana gadi, akwai yarinyar da za a aika sayen kati a shagon ƙasa. Amanarsu tana wuyanki tunda kin gani.

Wata dabara kafin a kai ga haka: ki je masa da mafita a hannu. Ɗan kwangilar da ya rage rodi yawanci tsadar kaya ce ta cinye ribarsa bayan ya karɓi aiki. Ki zauna ki lissafa masa kuɗin gyaran yanzu, kafin zubi, ki nuna masa cewa mai 12 ɗin da aka saya ba asara ba ne, in injiniyan zane ya yarda za a iya amfani da shi a wani wurin da zane ya nemi irinsa. Ki ba shi shawarar ya koma wa mai gini da maganar ƙarin farashi, ko a sassauta a kayan ado irin su tayil da silin, waɗanda ba su ɗauke da nauyin kowa. Mutum ya fi saurin sauka daga kan bakansa in an bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Tunda muna kan rodi, ki riƙe wannan ma. Ba duk abin da aka kira mai 16 a kasuwa ne mai 16 ba. Sanda ɗaya ta mai 16 mai tsawon mita 12 ya kamata ta yi kusan kilo 19, mai 12 kuma kusan kilo 10 da rabi. Ki sayi ƙaramin ma'aunin kaurin ƙarfe ki riƙa yawo da shi a aljihu, in an sauke kaya ki auna kafin mota ta tafi. Ranar zubi ki sa a cika miki kwalayen gwaji masu milimita 150, a kai ɗakin gwaji a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Ki tsare bakin injin kwaɓi, don leburori suna son ƙara ruwa kankare ya yi musu sauƙin ɗauka, kuma ruwan da ya wuce kima yana kashe ƙarfinsa kamar yadda ƙarin yashi ke yi. Bayan zubi a ba shi ruwa aƙalla mako guda, musamman a zafin Kano ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai.

Yanzu helma. A nan zan ɗan sassauta masa, ba don ya yi daidai ba. Mutumin nan ƙila tun kafin a haife ki yake riƙe da cokalin gini. Ya ga injiniyoyi maza sun zo da takarda ba su iya riƙe igiyar awo ba, sai ga yarinya sa'ar 'yarsa an ce ita ce a sama da shi, a gaban yaransa. Magina a ƙasar Hausa masu sarauta ne da tarihi. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wanda ya fito daga irin wannan sana'a ba ya son a gyara masa aiki a bainar jama'a, ko daga namiji ne.

Saboda haka ki raba girmamawa da umarni, ki ba shi na farko a yalwace, ki riƙe na biyu. Ki riga shi gaisuwa, ki kira shi Baba, ki tambayi iyali. In kin ga kuskure da ba na gaggawa ba, ki ja shi gefe ku yi magana ku biyu, ya koma ya ba yaransa umarnin da bakinsa. Ki tambaye shi abin da ya fi ki sani, kuma akwai su da yawa: yadda yake gane yashi mai laka da hannu, yadda yake fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5, yadda yake daidaita lebur da tiyon ruwa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma in kin ba da umarni, ki ba da shi sau ɗaya, da adadi, ba da roƙo ba. Kada ki ce "Baba da dai an ɗan ƙara," ki ce "tazarar zoben rodin nan milimita 150 ce, a warware daga nan zuwa nan." Ki buɗe littafin sayit ki riƙa rubuta umarnin kowace rana, ku duba tare da shi da yamma.

Gaskiyar da ba a faɗa wa sababbin injiniyoyi ita ce, a sayit ana jin maganar wanda kuɗi ke bi ta hannunsa. Muddin Oga zai zo ya biya magina ba tare da ya tambaye ki ko aikin ya yi ba, "to Hajiya" za ki ci gaba da ji. Laifin nan na kamfani ne kafin ya zama na helma. Ko a wannan wurin ko a na gaba, ki nemi abu biyu tun ranar farko: shugaba ya tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa cewa ba a zuba komai sai kin duba, kuma ba a biyan kuɗin aiki sai da sa hannunki a kan awon. Za ki yi mamakin yadda kunnuwa ke buɗewa cikin mako guda.

Kada kuma ki yi ƙoƙarin zama namiji don a ji ki. Ba sai kin yi ihu ko ashar ba. Ki zo da wuri, ki hau dekin da ƙafarki, ki san zanen da ka. Wasan banza kuwa ki yanke shi tun a karon farko, da fuska a ɗaure da kalma ɗaya; wanda ya wuce wasa zuwa taɓa jiki ko matsa miki da saƙonni, ki rubuta rana da shaida ki kai ƙara, kada kunya ta sa ki haɗiye. Sutura ma ki gyara ta don lafiyarki: dogon hijabi mai yawo haɗari ne kusa da injin kwaɓi da bakin rodi da tsani. Ki sa ƙarami mai kama jiki, ki cusa shi cikin riga, hular kwano a sama, riga mai kai gwiwa da wando, da takalmin sayit daidai ƙafarki, ba na wani namiji da aka ara miki ba. Banɗaki mai ƙofa da wurin salla haƙƙinki ne, ki nema ba tare da jin nauyi ba. In akwai mata masu ɗaukar kankare ko kawo ruwa a sayit ɗin, su ma za su amfana, kuma ki sa ido a ga an biya su daidai da aikinsu.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba, kuma ya dame ni: ba ki ambaci wata babbar injiniya ko babban injiniya da kike kai wa kuka ba. Shekara biyu ke kaɗai a ƙaramin kamfani, shi ya sa kika gaji. Ki nemi reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, ki kuma shiga APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi da Injiniya Joanna Maduka da wasu mata injiniyoyi ƙalilan suka kafa a 1982. NSE an kafa ta tun 1958, amma sai a Janairun 2024 mace ta fara shugabantarta, Injiniya Margaret Oguntala. Wannan ya nuna miki tafiyar tana da nisa, ya kuma nuna ana isa. Ki duba maƙwabtanmu: Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci a garin Dandaji da tubalin ƙasa, suka mayar da tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Garin Hausawa ne, kuma da maginan gargajiya na wurin suka yi aikin.

Rajista kuma ki sa ta a gaba. COREN tana neman shekara huɗu na gogewa bayan kammala digiri, kin ci biyu. Ki fara tara bayanin kowane aiki tun yanzu: me kika lissafa, me kika duba, wace matsala kika warware, wane injiniya mai rajista ne ya sa ido a kanki. In kamfanin nan ba shi da mai rajista ko ɗaya, wannan kaɗai ya isa dalilin neman wani wuri, ko da maganar rodi ba ta taso ba. Ranar da kika samu hatiminki, maganarki ta tashi daga ra'ayin yarinya ta koma abin da doka ta sani.

Sai maganar gida. Ba zan ce ki zaɓi aiki ki bar aure ba, ba kuma zan ce ki ajiye karatun shekara biyar don a zauna lafiya ba. Abin da zan ce shi ne a yi maganar yanzu, kafin a sa rana, a gaban manya, kada a bar ta a "za mu gani." Ki tambayi wanda zai aure ki ainihin abin da ke damunsa. In cuɗanya da maza ne, ki kai shi ya ga sayit da idonsa, ya ga yadda kike aiki. In dare ne da tafiye-tafiye, wannan abu ne da ake iya tsarawa, domin aikin gini ba sayit kaɗai ba ne: akwai ofishin zane da lissafi, akwai ƙiyasin kuɗin aiki, akwai ma'aikatar ayyuka da hukumomin tsara birni, akwai ɗakin gwajin kaya. Mata da yawa suna komawa ofis lokacin goyo, su dawo fili daga baya. Koyarwa ma aiki ne mai daraja in ke kika zaɓe ta, kuma malamar da ta taɓa tsayawa a kan dekin ta fi amfani ga ɗalibai. In kuwa abin da yake so shi ne kada a ce matarsa tana ba maza umarni, gara ki ji shi daga bakinsa tun yanzu, ki yi istihara, ki yanke hukunci da idonki a buɗe. Mahaifiyarki kuwa tsoro take ji miki, na faɗuwa daga bene da na bakin mutane. Ki zauna da ita ki nuna mata hotunan aikinki da kayan kariyarki, ki samo wani babba a dangi da take jin maganarsa.

Duk inda za ki karɓi aiki nan gaba, ki karanta takardar ɗauka da kyau a kan hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, amma ta fi shafar masu aikin hannu da na akawu. Masu aikin ƙwarewa irin naki, abin da aka rubuta a takardarsu shi ke magana. Ki sa a rubuta shi tun kafin ki buƙace shi.

Amsar tambayarki ita ce a'a, kada ki bar sana'ar. Kamfanin nan kuwa, yadda mai shi ya karɓi takardarki a makon nan shi zai nuna miki ko wurin zama ne. Ki fara sabunta takardun neman aikinki a daren yau, ki kira injiniyan zanen gobe da safe, kada ki bari sai ranar da injin kwaɓi ya iso bakin ƙofa. Ki rubuto mini in ji yadda kuka ƙare, ina jira.